Labulen da Ya Naɗe Fiffike

A wani daji da ke tsakanin fadama da dutse, inda tsuntsaye suka fi kowa yawa kuma suka fi kowa baki, akwai wata mujallar ado da ake kira Kwalisa. Ofishinta yana cikin kogon wata tsohuwar kuka, duk wata kuma take fitowa. Macen da ke dajin nan, daga jimina har tsada, ba ta fita biki sai ta duba Kwalisa ta ga ko bana hagu ake karkata ɗankwali ko dama. Har mazan da ke cewa ba ruwansu da ita, in ka ɗaga tabarmarsu za ka tarar da guda biyu.

Duk ɗaurin da aka taɓa yayi a mujallar, Ladingo ce ta ɗaura shi. Ladingo macen burtu ce, baƙa wuluk, doguwa, mai tafiyar ƙasaita. Allah ya ba ta gashin ido zara-zara, in ta ƙifta har iska kake ji, ga maƙogwaro shuɗi kamar an tsoma a marina. Da baki take ɗauri. Ta kama gefen yadi ta murɗa ta soke, kafin ka ankara ta tayar da bene a kan balbela. Wannan shi ne aikinta na farko. Aikinta na biyu kuwa, labule ce.

Ga yadda abin ya samo asali. Wata farar shamuwa ce daga ƙetare ta kafa mujallar shekara arba'in da suka wuce. Da za ta koma gida sai ta bar musu kyamara, ta fizgi gashinta guda ta sa a gwangwanin madara, ta ce da shi za a riƙa daidaita haske. Tun daga lokacin, kowace safiya mai hoto zai buɗe gwangwanin da bisimilla, ya riƙe farin gashin a gaban kyamara, ya taɓa wani ɗan maɓalli da ke gefe har gashin ya fito tas. Sakamakon haka, duk abin da yake fari yana fitowa a hoto har da silin gashinsa. Duk abin da yake baƙi kuwa sai ya fito kamar an zubar da tawada. Babu wanda ya taɓa danganta wannan da gwangwani. Cewa ake yi haka Allah ya halicci baƙi, ba ya son hoto.

To, wata shekara gara ta cinye baƙin labulen da ake ɗaukar hoto a gabansa. Ranar Ladingo tana bayan wata balbela tana gyara mata ɗauri, ta buɗe fukafukai don kada ta faɗi, mai hoto ya danna. Da hoton ya fito, balbelar tana ta walƙiya a kan wani baƙi mai laushi wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Aka yi ta barka. Aka ce wa Ladingo ta ɗan taimaka kafin a sayo sabon labule. Shekara sha tara ke nan tana ɗan taimakawa.

Ita ba ta damu ba, ko kuma ta koya wa kanta kada ta damu. Ciwon kafaɗa ne dai, shi ma in ta sha gashi da ruwan zafi sai ya lafa. Abin da ya tayar da zancen mahaifiyarta ce, Inna Kuluwa, wadda ke zaune can gindin dutse. Tsohuwar nan ba ta taɓa barin fitowa ɗaya ta wuce ta ba. Ta yanke shafukan ta manne a bango da ƙaro, tun daga ƙasa har rufi. Duk baƙon da ya shigo sai ta ja shi gaban bangon, ta tsallake balbelar da ke tsakiya, ta dangwala baki a kan baƙin da ke gefe.

"Ka ga nan? 'Yata ce. Wannan fiffikenta na hagu ne, ranar ma mura take yi."

Baƙi sukan ce masha Allah, su fita waje su yi dariyarsu.

Sai ciwon yana ya fara rufe wa Inna Kuluwa ido. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma mai magani ya ce da wuya ya kai damina. Ranar da Ladingo ta je gaishe ta, ta tarar da ita ta manna fuska a bango tana lalube.

"Inna, me kike nema?"

"Ke nake nema, 'yar nan. Da can ina gane ki. Yanzu ko'ina na duba baƙi nake gani, na kasa bambance wanne ne ke, wanne ne ciwon." Ta juyo da idon mai sauran gani. "Ki ce musu su juyo da ke sau ɗaya mana. Ina so in ga idonki a takarda kafin nawa ya ƙarasa."

Ladingo ta yi dariya ta ce to, ta fito bayan ɗaki ta yi kukanta sosai. Saura 'yan makonni ruwa ya sauka.

Washegari ta sami editar mujallar, Hajiya Zinaru, gauraka mai kambi a ka, wadda ba ta taɓa cewa a'a ba a rayuwarta, sai dai ta kira taro. Ladingo ta durƙusa ta yi bayani. Hajiya ta dafa ƙirji ta ce maganar ta taɓa ta ƙwarai, har ta kai a kira taro.

Aka hallara a inuwar kukar. Wadda ta fara magana Dakta Mujiya ce, mai binciken mujallar, da aka taso ta daga barci da tsakar rana.

"Ranki ya daɗe, jama'a, ni ba na magana da son rai, da igiya nake magana. Na auna shafi dubu biyu ɗaya bayan ɗaya. A kowane shafi, balbela tana cin kashi uku cikin goma. Ɗankwali yana cin kashi ɗaya. Sauran kashi shida baƙi ne, baƙin nan kuma Ladingo ce. Saboda haka, a ilmance, baƙaƙen tsuntsaye ne suka mamaye mujallar nan tun shekara sha tara. In ma akwai wadda aka danne, to balbela ce. Na gode." Ta koma barci a tsaye.

Hansai, balbelar da ta fi kowa hawa bangon mujallar, ta fashe da kuka, don ba ta taɓa sanin an danne ta ba sai yau. Aka yi ta ba ta haƙuri.

Sai mai hoto, Malam Sallau hawainiya, ya taso. Kafin ya iso tsakiyar fili wasu har sun je sun sha ruwa sun dawo.

"Ni dai kowa ya san ni," in ji shi, ido ɗaya a kan Hajiya, ɗaya a kan wani ƙuda. "Ni ba na ganin launi. Jiya kore nake, shekaranjiya ruwan ƙasa, wa zan nuna wa bambanci? Kyamara kuma ba ta da dangi. Abin da ta gani shi take faɗa. Mun taɓa gwadawa da wata baƙar dinya a zamanin mahaifina, hoton ya fito dunƙulen duhu da ido biyu, har iyaye suka riƙa tsorata yara da shi. Laifin wa? Na gaji aikin nan yadda na same shi, haka kuma zan bar shi."

Daga nan Barau hankaka ya yi gyaran murya. Shi ne wakilin baƙaƙen tsuntsaye a majalisar mujallar, ko da yake babu baƙin tsuntsun da ya tuna ranar da aka zaɓe shi.

"A madadin al'ummarmu, ina godiya. 'Yar'uwata Ladingo ta yi gaggawa. Ai ana damawa da mu. Ni kaina sau uku ina fitowa."

"A tallar sabulu," in ji Ladingo. "Kuma farin ƙirjinka kawai aka ɗauka, aka yanke kai."

"To ƙirjin na wani ne? A hankali ake bin irin wannan abu. Bana ƙirji, baɗi wataƙila wuya."

Hajiya Zinaru ta rufe taron da jawabi mai daɗi. Ta ce Kwalisa gidan kowa ce. Ta ce ita da kanta tana da ƙawaye baƙaƙe, har ɗaya ta taɓa zuwa sunan jikarta. Sai dai masu karatu ba su saba ba, kuma bai kamata a firgita su ba. Aka yanke shawara uku: a gode wa Ladingo, a naɗa ta Uwar Labule, a kuma kafa kwamitin da zai duba maganarta bayan damina. Aka yi tafi.

"Hajiya, idon Inna ba zai kai damina ba."

"Allah sarki. Za mu sa wannan ma a gaban kwamitin."

Ladingo ba mai faɗa ba ce. Ko tsawa ba ta iya ba, in ta ɗaga murya sai ya fito kamar ana buga ganga a rijiya. Saboda haka washegari ta zo aiki da wuri kamar kullum, ta ɗaura wa Hansai wani ɗauri mai hawa uku, ta gyara shi tsaf. Da Malam Sallau ya ce, "Labule, a buɗe," sai ta ja turmi ta zauna, ta naɗe fukafukanta, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Uwar Labule, lafiya?" in ji Hajiya.

"Lafiya lau, ranki ya daɗe. Kwamiti nake jira."

Saura kwana uku a kai fitowar bikin kamun kifi wurin bugawa, ita ce kuma fitowar da duk dajin ke jira. Hajiya ta ce a ɗauka haka nan. Bangon da ke bayan Hansai kuwa an shafe shi da farar ƙasa. Da aka wanke hoton, sai ga ɗankwali mai hawa uku yana shawagi shi kaɗai a sama, ƙarƙashinsa baki rawaya, can ƙasa sandunan ƙafa biyu. Hansai babu ita. Ta duba hoton, ta shafa jikinta ta tabbatar tana nan, ta sake fashewa da kuka.

Aka shiga neman mafita. Baƙin yadi mai wannan faɗin ba a saƙa shi a dajin, sai an yi oda daga ƙetare, oda kuma wata biyu take. Aka nemi wata baƙar dinya ta tsaya, ta ce ita ma kwamiti take jira. Aka ɗauko jemagu goma sha biyu aka jera su a igiya. Suka yi kyau na ɗan lokaci, sai barci ya kwashe na tsakiya ya faɗo cikin hawa na biyu na ɗankwalin, Hansai ta zunduma ihu ta yi waje da shi a ka. Barau ya ba da kansa, amma ya ƙi juya baya, wai ƙirjinsa ne jama'a suka sani. A ƙarshe aka daka gawayi aka shafe bangon da shi. Hansai ta gaji ta ɗan jingina, ta taso rabi fara rabi baƙa. Dakta Mujiya ta buɗe ido ɗaya ta ce a ilmance yanzu an samu daidaito, a ɗauka. Hansai ta suma.

A rana ta uku da hantsi Hajiya Zinaru ta zo gaban turmin, kambinta ya karkace.

"Ladingo, 'yar'uwa, me kike so?"

"Hoto ɗaya, Hajiya. Ta gaba."

"Ɗaya tak? Daga nan ki koma bakin aikinki?"

"Ɗaya tak."

Ladingo ta ɗaura wa kanta ɗankwali ja, abin da ba ta taɓa yi a ofis ba, ta tsaya. Malam Sallau ya buɗe gwangwani da bisimilla, ya daidaita da farin gashi, ya danna. Hoton ya fito dunƙulen duhu da ido biyu. Ya miƙa mata cikin tausayi.

"Kin gani ko? Ba mu muka ƙi ki ba."

Shekara sha tara Ladingo tana tsaye a bayan balbelu, babu abin da take kallo sai Malam Sallau da gwangwaninsa. Labule ba shi da abin yi sai kallo. Ta daɗe da lura cewa maɓallin nan yana da sauran wurin juyawa, shi dai Malam a wuri ɗaya yake tsayar da shi. Sai ta sa baki ta fizgi gashi guda daga fiffikenta ta miƙa masa.

"Malam, yau da wannan za ka daidaita."

"Subhanallahi! Ai ba a yi. Maɓallin nan bai taɓa wuce nan ba. Mahaifina ya ce..."

"Me ya ce zai faru?"

Malam Sallau ya juya ido ɗaya sama yana tunani. "Bai faɗa ba. Cewa kawai ya yi ba a yi."

Ladingo ta sunkuya ta kama maɓallin da bakin da ya saba murɗa yadi mai kauri, ta murɗa. Ya yi ƙara ƙiii, tsatsar shekara arba'in ta zubo. Malam Sallau ya zama kore, ya zama rawaya, ya zama wani launi da shi kansa bai san yana da shi ba. Hajiya ta toshe kunne tana jiran fashewa. Babu abin da ya fashe. Da Malam ya leƙa da ido ɗaya, sai ya ga baƙin gashin nan ya fito sili-sili, yana sheƙi. Ya kawo ɗaya idon ma ya leƙa.

Saura matsala ɗaya. Bango ya sha gawayi, baƙa kuma ba ta fitowa a kan baƙi. Ana bukatar farin labule, kuma a duk ofishin babu wani abu fari mai faɗi sai balbelu. Kowa ya juya ya dube su.

Aka jera su shida a bayan Ladingo, Hansai a tsakiya, aka ce su buɗe fukafukai su sunkuyar da kai.

"Har yaushe?" in ji Hansai.

"Har a gama," in ji Ladingo.

"Wayyo kafaɗata! Hajiya, wannan ai azaba ce. Wa zai iya minti biyar a haka? Kuma fuskata fa, ba za a gani ba?"

"Labule ba ya magana," in ji Malam Sallau, don abin da ya saba faɗa ke nan, ya danna.

Da aka wanke hoton, kowa ya matso ya gani. Ga Ladingo, jan ɗankwali ya zauna daram, gashin ido kowanne a tsaye da kansa, shuɗin maƙogwaro kamar ka taɓa, baƙin jikinta kuma ashe ba baƙi ɗaya ba ne, wani wurin yana ɗaukar haske, wani wurin yana shanye shi. Hajiya Zinaru ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta dubi ita Ladingon.

"Ikon Allah. Ladingo, ashe kina da gashin ido?"

"Tun ina ƙwai, ranki ya daɗe."

Ita aka sa a bangon mujallar, don babu wani hoton. Mujallar ta fito ranar kasuwa, kafin azahar babu ko guda. Dinya da 'ya'yanta, baƙaƙen kaji, matan hankaki, har wata tsohuwar ungulu da ba a taɓa gani da takarda ba, kowa ya rungume tasa. Dakta Mujiya ta rubuta rahoto cewa a ilmance farin da ke baya ne ya ja hankalin jama'a.

Ladingo ba ta tsaya jin rahoto ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ta sa tata a baki ta nufi gindin dutse, rabi gudu rabi tashi, tana addu'a kada ta tarar an makara. Ta samu Inna Kuluwa a ƙofar ɗaki tana shan hantsin da ya rage. Ta ɗora mata mujallar a cinya.

Tsohuwar ta ɗaga takardar ta kai ta dab da idon dama. Ta matsar, ta dawo da ita, ta karkata kai. Ladingo ta matso kusa da ita.

"Inna, kina gani?"

"Yi mini shiru, ƙirgawa nake." Can ta sauke. "Gashin idon nan nawa ne, na ubanki gajeru ne. Ɗaurin kuma ya ɗan karkace ta hagu."

"Haka ake yayi, Inna."

"To, a yi ta yayi." Ta shafa fuskar da ke takardar, hawaye na zuba daga idon mai gani da marar ganin duka. "Na gan ki, 'yar nan. Yanzu in ya ga dama ya rufe."

Suka zauna a haka, Ladingo na kuka tana dariya. Sai Inna Kuluwa ta sake ɗaga mujallar, ta tsallake 'yarta, ta dangwala baki a kan farin da ke gefe, kamar yadda ta saba.

"Wannan fa, 'yar wace ce?"

"Balbelu ne, Inna. Su shida."

"An rubuta sunansu?"

Ladingo ta duba sama da ƙasa. "A'a."

"Allah sarki. In kin koma ki gaishe su, ki ce su gasa da ruwan zafi. Uwarsu na can tana nuna wa baƙi."

Ruwa ya sauka bayan kwana tara, idon ya rufe bayan sha biyu. Hoton yana nan a tsakiyar bango, Inna Kuluwa kuma ta san wurinsa da lalube, duk baƙon da ya shigo sai ta kai shi.

A ofis kuwa, Malam Sallau ya mayar da maɓallin inda mahaifinsa ya bar shi, ya ɗiga masa ƙaro don kada a sake samun hatsari. Gashin Ladingo aka sa shi a wani gwangwanin dabam, aka rubuta a jiki cewa na fitowa ta musamman ne, duk shekara goma. Bayan damina kwamiti ya zauna, ya gano cewa tsayar da baƙar tsuntsuwa a matsayin labule cin mutunci ne da bai dace da mujalla irin Kwalisa ba. Hajiya Zinaru ta karanta sanarwar da kanta, murya na rawa, Barau ya yi godiya a madadin al'umma. A makon ne kuma odar baƙin yadi ta iso daga ƙetare.

Tun daga ranar ba a sake ganin baƙar tsuntsuwa a bayan kowa ba a Kwalisa, kuma kowa ya yarda an samu ci gaba.